Maganin Aradu a Gidanmu

Ruwan farko na daminar bara bai zo mana unguwar Mabera, a nan Sakkwato, da wasa ba. Mun gama shan zafin Afrilu da Mayu, irin wanda ma'auni ke haura 40 har kwanon ɗaki ya riƙa ƙara shi kaɗai, sai ga hadari daga gabas da magariba, baƙi ƙirin. Aradu ta faɗi can bayan layinmu, nesa da gidajenmu. Amma da gari ya waye sai ga maƙwabcina na dama ɗauke da talabijin a ka, cajojin gidansa a hannu duk sun ƙone, yana ta salati. Babu abin da ya taɓa rufinsa, ta wayar lantarki abin ya biyo ya same shi har ɗaka. Na yi masa jaje, na shafa gemuna, na koma gida na tsaya a gaban rediyona.

Rediyon nan gado ne daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na ja masa doguwar eriya, waya ce tun daga tagar ɗakina har ƙololuwar darbejiyar tsakar gida. Da ita nake kamo shirin BBC na 8:30 na dare a gajeren zango, da na Jamus, wata rana har Muryar Sahel daga Yamai. Yarana na cewa duk wannan yana cikin waya, ni kuma ina ce musu rediyo bai taɓa gaya mini data ta ƙare ba. A safiyar nan dai na bi wayar da ido daga saman bishiya zuwa gefen matashin kaina, na ga cewa titi ne sosai aka shimfiɗa wa aradu, har da sauka a bakin gado.

Na kira mai gyaran wutar unguwarmu, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Na gaya masa ni dai dama da na ji cida nake kashe soket. Ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce abin da ya tsallako kilomitoci na iska daga gajimare zuwa ƙasa, 'yar tazarar milimita 3 da ke cikin makunnin soket ce za ta tare shi? Wutar gida volt 230 ce, aradu kuwa miliyoyi ake magana, kuma iskar da ta ratsa tana kai zafin digiri 30,000. Na nuna masa sitabilaiza, ya ce kafin ya yi ƙas ɗin nan nasa an riga an gama jana'iza. Na nuna masa istenshan ɗin da aka sayar mini da sunan mai kariya, ya ce aikinta ta karkatar da wutar da ta yi yawa zuwa ƙasa, to ina hanyar ƙasar? Ya kwance soket ɗin ɗakina ya nuna mini rami na uku, na sama, wanda ya kamata a ce wayar atin, mai kai wuta ƙasa, na ciki. Babu komai sai gidan gizo-gizo.

Daga nan ya shiga tarihi, don Injiniya in ya fara ba ya jin kira. Ya ce zamanin tarhon girke, kafin zuwan GSM a 2001, akan sa ɗan akwati inda wayar tarho ta shigo gida, da wata waya da ta gangara ƙasa, kuma duk da haka ana hana mutane ɗaga tarho in ana tsawa. Masu rediyo na da can kuma suna da makunni mai hannu, mai ƙafa uku: ta tsakiya eriya, ɗaya gefen rediyo, ɗaya gefen ƙasa. In hadari ya taso ka ja hannun zuwa ɓangaren ƙasa, duk abin da eriya ta kwaso ya wuce ya bar maka rediyonka. Sauran kaya kuwa, caja da talabijin da firji, a zare su gaba ɗaya daga bango.

Na ce, "To in ta faɗo kai tsaye kan bishiyar fa?"

Ya ce, "Alhaji, nan kam sai La'ilaha illallahu. Wanga na ta kusa da ta nesa na."

Na tafi Babbar Kasuwa na sayo cenjoba, irin wanda ake juya wuta da shi daga layi zuwa janareta, da waya mai kauri, da sandar jan ƙarfe da ta kusa kai mini kafaɗa. Injiniya ya kafa makunnin a jikin bango kusa da taga, ya ce ramin sandar ni zan haƙa, don shi bayansa na ciwo. Ya ce in zuba gawayi da gishiri a kewaye da ita, in riƙa ba ta ruwa har damina ta kankama, domin busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da kyau, ƙasarmu kuwa kowa ya san bushewarta.

Saboda rana, sai bayan magariba na ɗauki diga. Gawayin na uwargida ne, gishirin ma nata ne, na ɗebo da niyyar in yi bayani daga baya. Yanzu mai karatu ya sa kansa a matsayin maƙwabci. Ka leƙo ta katanga da duhu, ka ga magidanci tsugune a gindin bango da tocila a baki, yana kafa jan ƙarfe a rami, yana barbaɗa farin abu da baƙin abu, yana motsa leɓe. Lissafin kuɗin da na kashe nake yi, amma wa ya sani? Washegari da asuba kuma ka gan shi da buta yana ba wurin ruwa, alhali bai shuka komai ba.

Kafin Juma'a labari ya kai masallaci ya dawo. Wasu sun ce kujerar shugaban ofishinmu nake nema. Wasu sun ce filin da ke bayan gidana nake so mai shi ya sayar da araha. Wanda ya iso kunnen uwargida shi ne mafi tsada. Ta same ni ina cin tuwo, ta tsaya a kaina.

"Malam, gishirina ina yat tahi?"

Na ce yana ƙasa yana aiki.

"Awo, na ji aikin da yaka yi. In aure zaka ƙarawa, ka hwaɗa min da bakinka. Amma da gishirina da gawayina za a binne ni?"

Na ajiye loma na yi bayani tun daga gajimare har zuwa rami na uku na soket. Na ce wannan ilimi ne tsoho, wani Ba'amurke mai suna Benjamin Franklin ya gwada shi tun 1752, shekara 2 kafin a haifi Shehu Mujaddadi. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ita ba ta damu da ko bokan na wace ƙasa ne ba.

Ana cikin wannan sai jar akuyar Inna, mahaifiyata, ta gano wurin. Jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya, fatarta aka riƙa ƙetara Sahara da ita ana sayarwa a Turai da sunan fatar Maroko, sai dai ba na jin an taɓa gaya wa Turawan halinta. Akuya da gishiri ba a shiga tsakaninsu. Na fito da safe na tarar ta tone ramin har rabi, ta lashe ƙasar tas, ta fara gwada haƙori a jikin wayar. Na cike, na ƙara gishiri daga inda na ɗebo na farko. Ta dawo da 'ya'yanta. Na kewaye wurin da ƙaya, ta cinye ƙayar ta ci gaba da abin da ya kawo ta. A ƙarshe na mirgino tsohon turmi na kife a kan ramin, na ɗora dutse. Wannan ya hana akuya, amma duk wanda ke da sauran shakka a unguwa a ranar ya daina, don babu wanda ya taɓa ganin an kife turmi a kan kimiyya.

Inna ce kaɗai ta goyi bayana, ita ma da nata ƙarin. Na kafa doka cewa da an ga walƙiya a ja hannun makunni, a zare komai daga bango. Inna ta ce a rufe madubi, kuma kowa ya kawo wayarsa, don waya na kiran aradu. Na ce, "Inna, wayar hannu ba ta kiran komai, sai in tana jone a caji." Ta ce, "Ni na haihe ka ko kai ka haihe ni?" Aka rufe muhawara. Ta ware wata babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, da hadari ya haɗo sai ta bi ɗaki-ɗaki tana karɓa, ta zuba, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gadonta. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, ya nuna tun 1836 cewa rufaffen mazubin ƙarfe na kare abin da ke cikinsa daga lantarkin waje. Inna ba ta san shi ba, amma tukunyarta ba ta barin ko sabis ya shiga.

Hadarin Sakkwato kuwa ya iya alkawarin ƙarya. Ya haɗo, ya yi baƙi, ya turo ƙura ta cika mana miya, ya watse ba ko ɗigo. Mu dai mun zare, mun ja hannu, mun cika tukunya. Sau da yawa a daidai lokacin ne wuta ke samuwa, yara na kallon ƙwan fitila yana ci, wayoyinsu na ƙarƙashin gadon kaka babu caji. An daina gaishe ni da fara'a a gidan.

Ranar da abin ya zo da gaske, cikin Agusta, ina Runjin Sambo wajen ta'aziyya. Bayan la'asar gabas ta haɗe, iska ta fara kwasar tabarmi. Ana tsakiyar addu'a na tuna na saurari shirin rana na fito, hannun makunni na ɓangaren rediyo. Na shafa fatiha da sauri na koma gefe. Na kira uwargida, ba ta shiga. Na kira babban ɗana, ba ta shiga. Na kira 'yata, na kira Inna kanta. Gidana kaf yana cikin tukunya.

Na kira maƙwabcin nan mai talabijin. Ya ɗauka. Na roƙe shi ya shiga ya ce a ja hannun.

Ya ce, "Ni in shiga in taɓa abin da kab binne? Ina da ɗiya ƙanana, Alhaji. Allah shi ba ka haƙuri."

Ɗan kabu-kabu ya ninka kuɗi, ban yi ciniki ba. Na san kan babur a fili yana cikin wurare mafi muni da mutum zai kasance ana tsawa, amma gado gado ne. Muna tafe ina lissafi, don ƙara na yin kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3, saboda haka in ka ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa ka san nisanta. Walƙiya ta haska na fara da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har tara. Ta sake, na tsaya a shida. Ta sake, ina cewa biyu ta tsarge. Yaron ya taka birki ya juyo.

"Baba, don Allah mi kaka ƙirgawa? Duk sadda ka ƙirga sai ta matso."

Ya sauke ni a bakin wani layi da ruwa ya cinye, ya karɓi kuɗinsa cif, ya juya bai waiwayo ba. Sauran tafiyar da ƙafa na yi ta, ruwa har gwiwa, takalmi ɗaya ya bi kwata, hula ta riga shi.

Na faɗa ɗaki ina haki, na tarar hannun makunni na ɓangaren ƙasa, an zare komai, an rufe madubi. Uwargida na zaune tana tsince shinkafa. Ta ce tun kafin iska ta taso ta ja shi, ba don ta yarda da shi ba, don kada in dawo in ishe ta da lacca. Na buɗe baki zan yi godiya ke nan sai muka ji ƙarar tsagewa a tsakar gida. Reshen darbejiyar da eriya ke ɗaure a kai ne iska ta karya. Reshen ya ja eriya, eriya ta fizge makunni daga bango har da siminti, makunni ya ja wayar rediyo, rediyon mahaifina ya taso daga kan tebur ya bi ta gabana ya daki ƙarfen taga, ya sauka ƙasa gida biyu. Batiransa suka gangara har gaban Inna da ta fito da tukunya a hannu.

Ta buɗe ta raba wa kowa wayarsa a bushe, lafiya lau. Na laluba aljihu na ciro tawa, ruwa na ɗiga daga ramin caji. Ba ta sake kawo haske ba. Inna ta dube ta, ta ce da tana cikin tukunya da yanzu tana raye.

Ni har gobe matsayina bai canja ba, kuma na faɗa a majalisa: a duk daminar nan aradu ba ta taɓa ko allura a gidana ba. Iska ce ta fasa rediyo, ruwa ne ya kashe waya, ba a kuwa kafa makunnin don su ba. Injiniya ya goyi bayana, musamman da na ba shi aikin mayar da shi bango.

Bayan kaka akuyar Inna, da ta yi ƙiba har tana sheƙi, ta haifi 'yan uku. Maƙwabcina ya lissafa wannan, ya haɗa da cewa ko caja ɗaya ba ta ƙone a gidana ba. Wani dare bayan isha'i ya yi sallama, ya ja ni zaure, ya leƙa waje ya tabbatar babu kowa, ya rage murya.

"Alhaji, abin nan na ƙarƙashin turmi. In mutum na son irinai, mi aka kawowa?"

Na ce buhun gawayi ɗaya da gishiri kwano biyu, kuma hannun uwargida zai kai su, don ita ke bi na bashi.

Ya gyaɗa kai, ya ce, "To akuyar hwa, dole sai ja?"