Littafin da maƙwabciyarmu ta ba ɗana a Frankfurt

A makon da ya wuce wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta gayyace mu cin abincin dare. Ƙarfe shida daidai muka zauna a tebur da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, ga kyandir yana ci alhali akwai wutar lantarki, kowa da farantinsa, cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama. Abincin kuwa baƙin burodi ne mai sanyi da cuku da yankakken kokwamba, kuma ba wanda ya kai hannu sai da mai gida ta yi mana fatan a ci lafiya. Ɗana mai shekara biyar ya ƙosa da zama, ya shiga lilo da kujera. Dattijuwar ta yi murmushi, ta kira shi Zappelphilipp, wato Philipp marar zama wuri ɗaya da Jamusanci, sannan ta tashi ta ɗauko wani tsohon littafi ta ce ta ba shi kyauta. Na yi godiya, amma raina ya sosu, domin ji na yi kamar an ce mini ɗana ba shi da tarbiyya.

Da muka koma gida na duba littafin, sai na tarar da kaina ina dariya. Sunansa Struwwelpeter, kuma wani likita ɗan wannan gari na Frankfurt a Jamus, Heinrich Hoffmann, ya rubuta shi ya zana hotunansa a 1844 saboda ɗansa mai shekara uku, bayan ya rasa littafin da ya kwanta masa a kasuwa. An buga shi a 1845, har yau kuma ana sayar da shi. Labarai goma ne cikin waƙa, biyu daga ciki a kan ladabin cin abinci. Na farko shi ne na Philipp ɗin da aka laƙaba wa ɗana, wanda ya yi ta lilo da kujera har ta tafi da shi baya, ya cafko ƙyallen tebur, kwanoni da abinci suka rufto masa, iyayensa suka tashi ba su ci komai ba. Na biyu Kaspar ne, yaro ɓulɓul da ya ce shi ba zai sha miyarsa ba, irin miyar nan tasu da ake sha da cokali babu tuwo. Kullum hotonsa sai ƙara ramewa yake har ya zama kamar zare, a rana ta biyar ya mutu, aka ɗora kwanon miya a kan kabarinsa. Ɗana ya sa na maimaita masa wannan har sau huɗu.

Ina ba iyayenmu da ke zaune a Turai shawarar su nemi littafin, akwai fassararsa da Turanci, domin yaro zai fahimci abin da mutanen nan suke jira daga gare shi a tebur. Sai dai a yi hattara da labarin yaran da suka yi wa wani baƙar fata ba'a, aka hukunta su ta hanyar tsoma su cikin tawada su ma su yi baƙi. Ni dai na tsallake shi.

Ban raina hikimar likitan ba, amma abin da ya ɗauke shi shafuka, kwano ɗaya ne ya koya mana shi a Katsina. Yaron da ya zauna da yayyensa biyar a kan tuwo ɗaya ba ya bukatar hoton kabari kafin ya ci, kuma idan ya tsallake gabansa ko ya riga babba ɗaukar nama, harara ɗaya ta wadatar. Kwaɗayin Gizo ma daga bakin kaka muka ji shi, ba daga takarda ba. Su a nan ladabin duk na kujera ne da wuƙa, namu kuwa na mutumin da kake ci tare da shi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗana bai taɓa cin abinci da yaro sa'arsa a kwano ɗaya ba. Shekaranjiya na sayo babban tire a shagon Turkawa, muka shimfiɗa tabarma, mahaifiyarsa ta zuba mana shinkafa da wake. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma biyu, sannan ya dube ni ya tambaya da Jamusanci ina nasa farantin yake.