Ba Kowane Bikin Disamba Ne Kirsimeti Ba

Ɗan yayata da ke karatu a Stockholm, babban birnin Sweden, ya turo hoto a WhatsApp, yana zaune da abokansa 'yan Iran, gabansu faranti cike da rumman da kankana, ga kyandir na ci. Nan take wasu a gidanmu na Garwa suka ce shi ke nan, yaro ya shiga Kirsimeti.

Ba ita ba ce. Daren Yalda ne, daren da ya fi kowanne tsawo a shekara, wajen 20 ko 21 ga Disamba. Iraniyawa, akasarinsu Musulmi, kan taru gidan dattijon dangi su raba dare suna hira da karatun waƙoƙi. Mutanen Sin ma suna da nasu bikin na wannan lokaci, Dongzhi.

Mu ba mu cika lura ba, don a Garwa yinin Disamba yakan kai awa 11 da rabi. Hunturu muka sani, ƙura da fashewar leɓe. A Stockholm kuwa yinin kusan awa 6 ne kacal, saboda yadda duniya ta karkata. Kafin ƙarfe uku rana ta faɗi. Yaron ya ce azahar, la'asar da magariba duk cikin awa uku yake sallatarsu.