Me Ya Sa Zuwa New York Ya Fi Dawowa Daɗewa?

Mutane da yawa sun ɗauka tunda nisan Landan zuwa New York bai canja ba, kusan kilomita 5,550, dole zuwa da dawowa a jirgin sama su ci lokaci ɗaya. Ga alama hankali zai ɗauka, amma ba haka abin yake ba. Zuwa yakan ci kusan awa 8, dawowa kuma kusan awa 7.

Dalili kuwa iska ce. A can sama, wajen kilomita 10, inda jirage ke tafiya, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma da hunturu gudunta kan wuce kilomita 200 a awa. Jirgin da ya nufi Landan tana tura shi ta baya. Wanda ya nufi New York kuwa gaba da gaba yake da ita, har matuƙa kan kauce mata su bi wata hanya mai ɗan tsawo.