Bana Kofin Namu Ne

(Ranar wata Asabar ce a watan Satumba na 2025, a falon Alhaji Bakano da ke unguwar Scarborough a birnin Toronto. Alhaji ya ɗora shuɗiyar rigar Maple Leafs, ƙungiyar wasan hokin ƙanƙara ta Toronto, a kan kaftani, ya baje takarda a kan darduma yana ta rubutu. Sai ga Malam da Bazazzage, wanda bai cika wata uku a Kanada ba.)

BAZAZZAGE: Salamu alaikum. A'a, Alhaji, rabon gado ake yi ne?

BAKANO: Wa alaikumus salam. Zauna, bawana, kada ka taka min gola. Allah gafarta Malam, sannu da zuwa. 'Yan wasan bana nake tsarawa.

MALAM: Kai ne kocin yanzu?

BAKANO: Craig Berube ne koci, amma shawara ai ba ta ɓaci. Mutum 23 ƙa'ida ta yarda a riƙe, ni kuma na tace su tsaf. Bana kofin Stanley, babban kofin gasarmu, namu ne.

BAZAZZAGE: Tsaya tukuna. Wannan ne wasan da ƙarti ke ɗaura wuƙa a ƙarƙashin takalmi, su hau ƙanƙara da gora suna bin wata baƙar waina?

BAKANO: Hoki sunansa, baƙauye.

BAZAZZAGE: Na gani a talabijin. Biyu suka jefar da sanduna suka kama dambe, alƙalan wasa na tsaye suna kallo kamar a gidan Sarkin Dambe. Da suka gaji aka ce kowa ya je ya zauna minti biyar. A ƙwallon ƙafa ko harara ka yi sai kati.

BAKANO: To ka ga wasan maza ke nan.

MALAM: Alhaji, na ji yara a masallaci suna cewa kun rabu da wani babba a cikinku.

BAKANO: Mitch Marner. Ya tafi Vegas, shekara 8, dala miliyan 96. Allah raka taki gona.

BAZAZZAGE: Ba ya taɓuka komai ne?

BAKANO: Maki 102 ya tara a kakar da ta wuce.

BAZAZZAGE: Kuma shi ne takin?

BAKANO: Ba za ka gane ba. Yaron nan wasa 82 na kaka sai ya yi ta walƙiya, da an shiga zagayen fitar da gwani sai ka neme shi ka rasa, kamar wanda ake bi bashi. Mun karɓi Nicolas Roy a madadinsa. Dogo ne, ga ƙashi.

BAZAZZAGE: Wato an sayar da saniyar tatsa an sayo ɗan maraƙi mai dogon wuya. Yau ga Bakanon da aka ci a kasuwa yana tafi.

BAKANO: Kai, ciniki ai namu ne! A wannan gasar akwai iyakar kuɗin albashi. Bana dala miliyan 95 da rabi ce, ko kai ne Ƙaruna ba ka isa ka wuce ta ba. Auston Matthews shi kaɗai yana ɗauke 13 da ɗoriya, William Nylander 11 da rabi. In ka ƙara Marner a kai, sauran 'yan wasa gari da ƙuli za ka ba su?

MALAM: Wannan kam magana ce. Tukunya ɗaya, cokali da yawa.

BAKANO: Ka ji masu ilimi. Ga John Tavares, dattijon arziki. Da miliyan 11 yake karɓa, ya yarda aka mayar da shi ƙasa da 4 da rabi don kawai ya zauna a gida.

BAZAZZAGE: Aka rage masa albashi ya sa hannu da kansa? Malam, a yi masa rubutu ya sha, wannan ba lafiya ba.

BAKANO: Kishi ke nan. Matthews kuwa, rubuta ka ajiye, bana sau 70 zai jefa a raga. Ya taɓa yin 69.

MALAM: Bara fa?

BAKANO: (ya yi tari) 33. Ciwo ne ya dame shi. Malam, ga shayi nan yana hucewa.

BAZAZZAGE: To Alhaji, yaushe rabonku da kofin nan?

BAKANO: Sau 13 muka ɗauka. Montreal ce kawai ta fi mu, da 24.

BAZAZZAGE: Ban tambayi sau nawa ba. Yaushe?

BAKANO: Kwanan baya.

MALAM: Ji tsoron Allah, Alhaji.

BAKANO: 1967.

BAZAZZAGE: La'ilaha illallahu! Wane wata?

BAKANO: Farkon Mayu.

BAZAZZAGE: Jihar Kano sai ƙarshen Mayun aka ƙirƙiro ta! Malam, ka ji fa, rashin kofinsu ya girmi jiharsu. Lokacin ko naira babu, fam da sule ake kashewa.

MALAM: Kuma na ji ƙungiya 6 ce kacal a gasar a wancan zamani. Yanzu 32.

BAKANO: Malam, kai ma? Bara saura ƙiris! Mu muka zo na ɗaya a rukuninmu, muka kori Ottawa, muka ja Florida har wasa na bakwai.

BAZAZZAGE: Aka tashi nawa?

BAKANO: Ba a tambayar makaho ranar da ido ya tafi.

MALAM: 6 da 1 aka ci su Alhaji, a nan Toronto. Har wasu suka tuɓe riguna suka jefa cikin fili.

BAZAZZAGE: Florida? Inda ake yawo da singileti? Mutanen da ƙanƙara sai a firji suke ganinta?

BAKANO: Su suka ɗauka a 2024 da 2025, duka a kan Edmonton. Kanada gaba ɗaya rabonta da kofin tun 1993, don haka ba mu kaɗai ba ne.

BAZAZZAGE: Mutuwar yawa kaka ce. Ni dai in kuna neman taimako ku zo Zazzau. Ɗan Najeriya na farko da aka haifa a gida ya buga wannan gasa, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi. Ya yi Buffalo, ya yi New York Rangers. Nuna min na Kano.

BAKANO: Wata uku da zuwa har ka haddace wannan?

BAZAZZAGE: Duk abin da zai ƙona wa Bakano rai, kwana ɗaya nake haddace shi. Akwai ma labarin mai shara.

BAKANO: Kada ka soma.

BAZAZZAGE: Malam, a 2020 Carolina ta zo nan garin, gololinta biyu duk suka ji ciwo. Aka ɗauko David Ayres, ɗan shekara 42, mai tuƙa motar goge ƙanƙara, aka ce tsaya a raga. Ya tsaya. Aka ci su Alhaji 6 da 3.

BAKANO: Ai ma'aikacinmu ne! In ka duba da kyau, mu muka ci.

MALAM: Wannan fatawar ban taɓa cin karo da ita ba.

BAKANO: Malam, bar yaron nan. Ɗaga hannu ka yi mana addu'a, bana a gama.

MALAM: Bara na yi, ka yi alkawarin rago. Bariya ma na yi.

BAKANO: Ai sharaɗin in an ɗauko kofi ne.

MALAM: Shi ya sa na daina sa rai da nama.

BAZAZZAGE: (ya ɗauki takardar) Alhaji, me ya sa saman takardar nan ya yi baƙi haka? "Hasashen 2019", an soke. 2020, an soke. 2021, 2022... Ashe takarda ɗaya ce tun tuni!

BAKANO: Sunaye kawai ake gogewa. Ina dalilin ɓarnar takarda?

BAZAZZAGE: Ga "kofi namu ne" da biro, sauran duk da fensir. Malam, duba nan ƙasa, har ya rubuta shekarar baɗi.

BAKANO: Ba ni abata! Wuri na kama kafin ya cika.