Mai ɗinka ƙunzugun jarirai a ɗakinta ma doka ta hau kanta, kuma daidai ne

A Amurka akwai wata sana'a da iyaye mata suka riƙe daga cikin gidajensu. Mace za ta zauna gaban keken ɗinki, ta yanka yadi, ta ɗinka ƙunzugun jarirai irin wanda ake wankewa a sake sawa, ta ɗora hotonsa a intanet, masu jego su saya. Ya bambanta da nafkin ɗin da iyayenmu suka saba naɗewa su soke da fil. Wannan ana ɗinka shi da siffar pampas, da roba a cinyoyi, da maɓallai a gaba, da wani yadi a waje mai hana fitsari ratsowa. Jarin mai wannan sana'a bai taka kara ya karya ba, amma tun 2008 dokar tarayya ta ɗauke ta a matsayin masana'anta, kamar yadda ta ɗauki kamfani mai dubban ma'aikata. Ni ina goyon bayan haka, ko da yake dokar ta fara da babban kuskure.

Asalin maganar shi ne abin da ya faru a 2007, shekarar da aka janye miliyoyin kayan wasan yara daga kasuwannin Amurka. Kamfanin Mattel kaɗai ya janye kusan miliyan ɗaya a tashi guda, saboda an samu dalma a fentin da aka shafa musu a wata masana'anta a China. Hankalin iyaye ya tashi, majalisa ta yi doka, Shugaba George Bush ya sa mata hannu a watan Agustan 2008. Dokar ta shafi duk wani kaya da aka yi domin yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa. Ta ƙayyade dalmar da za a yarda da ita a jikin kaya, aka fara daga kashi 600 cikin miliyan, aka sauko 300, a 2011 aka tsaya a 100. Na fenti kuwa 90 ne. Sannan ta ce sai an kai kayan wani ɗakin gwaji mai zaman kansa wanda hukumar kula da ingancin kayan masarufi, CPSC, ta amince da shi, mai kayan kuma ya rubuta takardar shaida.

Mu a arewa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan dalma. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, sakamakon ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Da yawa daga waɗanda suka tsira sun tashi da illa a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. Don haka ba na ganin 'yan majalisar Amurka sun wuce gona da iri wajen tsananta iyakar.

Inda suka yi kuskure shi ne kuɗin goro da suka yi wa kowa. Kamfanin da ke buga abu dubu ɗari iri ɗaya zai biya gwaji sau ɗaya ya raba kuɗin a kan dubu ɗari, ko a jikinsa. Matar da ke ɗinka ƙunzugu ashirin a mako, kowane biyu da launinsu da irin maɓallinsu, da an bi dokar yadda aka fara rubuta ta, kuɗin gwaji sai ya cinye riba ya haɗa da uwar kuɗi. Dalmar daga manyan masana'antu ta fito, amma masu aikin hannu ne suka ga sana'arsu na neman mutuwa. Suka haɗa kai, har suka kafa ƙungiya mai suna Handmade Toy Alliance, suka yi ta kai kuka majalisa.

An saurare su, kuma gyaran da aka yi shi ne abin koyi a nan. A farkon 2009 hukumar ta dakatar da tilasta gwajin na wani lokaci. A shekarar dai ta yanke cewa yadi tsurarsa, na auduga ne ko ulu ko foliyesta, rinanne ko fari, ba ya ɗauke da dalmar da ta haura iyaka, saboda haka ba sai an gwada shi ba. A 2011 Shugaba Obama ya sa hannu a gyaran dokar da ya ware ƙananan masu sana'a: wanda cinikinsa na shekara bai wuce dala miliyan ɗaya ba, adadin da ake ɗan ɗagawa saboda tsadar rayuwa, kuma bai yi fiye da guda 7,500 na kaya iri ɗaya ba, zai yi rajista da hukumar duk shekara a sauƙaƙa masa wasu gwaje-gwajen. Aka kuma ba mai ɗinki damar dogara da takardar gwajin wanda ya sayar mata da maɓalli ko zif. Wannan ya mayar da nauyin kan mai ƙarfin ɗaukarsa, wato kamfanin da ke ƙera maɓallai buhu-buhu.

Sai dai sauƙin gwaji kawai aka yi mata, iyakar dalma tana nan a kanta. Dole ta san inda maɓallanta suka fito. Idan an buga zane da fenti a saman yadin, wannan fentin bai shiga cikin rangwamen yadi ba. Akwai kuma ƙa'idar kamawar wuta, domin yadin auduga mai gashi-gashi ya fi saurin ci, kuma irinsa ake so a ƙunzugu saboda taushi da shan ruwa. Dole ta rubuta takardar shaida da kanta, ta kuma sa wa kowane ƙunzugu alamar da ba ta gogewa, mai ɗauke da sunan sana'arta, da garin da aka ɗinka, da lokacin, da lambar rukunin ɗinkin.

Akwai masu cewa a ƙyale waɗannan mata gaba ɗaya, ai uwa ce, abin da take sa wa ɗanta shi take sayarwa. Na yarda da kyawun niyyarta ɗari bisa ɗari. Amma dalma ba ta da wari, ba a gane ta da ido, kuma uwar da ta sayo maɓallai masu araha daga wanda ba ta sani ba ba ta da hanyar sanin abin da ke cikinsu. Ƙunzugu kuwa dare da rana yana manne da fatar jariri, hannun jaririn na taɓa shi, hannun kuma na komawa baki.

Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne wanda ya fi araha, wato ɗan ƙyallen alamar nan da littafin da ke bayansa. Ranar da aka gano wani rukunin maɓalli na da matsala, mai ɗinkin da ta rubuta wane ƙunzugu ta sa wa wane maɓalli, kuma wa ta sayar wa, za ta kira uwaye goma sha biyu ta ce su dawo da shi. Wadda ba ta rubuta ba sai dai ta yi shiru ko ta rufe sana'ar.

A nan gida tsadar pampas ta mayar da iyaye da dama ga nafkin, kuma duk telar da ta iya wannan ɗinki za ta samu kasuwa. Dokar Amurka ba ta hau kanta ba, sai fa idan kayanta za su shiga can, inda za a nemi takardar shaida daga wanda ya shigo da su. Amma ba sai ta jira hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. Ta tambayi ɗan kasuwar da ke kawo mata maɓalli daga ina yake sarowa, ta guji yadin da aka buga wa fenti mai ɓarewa, ta wanke yadi kafin ta yanka, ta ja kowane maɓalli da ƙarfi kafin ta miƙa wa mai saye, sannan ta sayi littafi ɗaya ta riƙa rubuta ranar ɗinki, da shagon da ta sayo kayan, da lambar wayar uwar da ta saya.