Ga mai baki biyu kan masu yunƙurin kashe shugabanni

Akwai wani da ya wuni jiya yana zuba, wai tsaurara ɗaurin da doka za ta wajabta wa masu yunƙurin kashe manyan jami'an gwamnati zalunci ne, tunda ai ba su kashe kowa ba. Ba zan kama suna ba, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da ya yi min ciwo, mutumin nan ne ranar da aka jefi motar ubangidansa da dutse, gilashi kawai ya tsage, ya fi kowa ɗaga murya cewa a ɗaure masu jifan har su mutu a gidan yari. Yau da mulki ya koma hannun waɗanda ba ya so, tausayi ya zo masa.

To bari in tuna masa. Ranar 1 ga Satumba 2022, a ƙofar gidanta da ke Buenos Aires, wani ya kutsa cikin magoya baya ya saita bindiga dab da fuskar Cristina Kirchner, mataimakiyar shugaban Ajantina a lokacin, ya ja kunama. Akwai harsasai a ciki, bindigar ce dai ba ta tashi ba. Shekara 10 kotu ta ba shi. Shi ma wanda ya jefa wa firaministan Japan Fumio Kishida bam a Wakayama a 2023, shekara 10 ya samu. Me ya raba waɗannan da masu kisa? Sun ƙulla niyya, sun tanadi makami, sun bi sawu, sun kai hannu. Kwanan mutanen ne bai ƙare ba, kuma ban ga dalilin da za a saka wa mai laifi da rangwame kan abin da ba shi ya hana ba.

Kuma ai ba babban mutumin kaɗai ake hari ba. A Butler ta jihar Pennsylvania, ranar 13 ga Yuli 2024, harsashi ya shafi kunnen Donald Trump ya wuce, amma wani ɗan kwana-kwana da ya kāre matarsa da 'ya'yansa da jikinsa nan ya rasu. Malamin namu bai taɓa ambatonsa ba.

Da a ce tsoronsa kada masu mulki su riƙa ƙaƙaba wa 'yan adawa wannan laifi ne, wallahi da na saurare shi, domin ni ma ina da wannan fargaba. Shi ya sa nake cewa a yi shari'a a buɗe, a kawo hujja ƙwaƙƙwara, in ta tabbata kuma alƙali ba shi da ikon sauka ƙasa da abin da doka ta yanke, ko wane ne aka kai wa harin.

Amma shi ba wannan ne a gabansa ba, jam'iyyar wanda aka hara yake fara dubawa kafin ya buɗe baki. Rubutunsa na ranar jifan motar yana nan a wayata, na ɗauki hotonsa tun lokacin. Ya musa in ɗora.