Ni na biya kuɗin tikiti, ni aka yi kallo a kan Kogin Nilu

Tunda dai bidiyon nan nawa na cikin jirgin ruwa a Masar ya gama zaga guruf ɗin gida har ya tsallaka na 'yan ajinmu, gara ku ji daga bakina, don abin da Ustaz ƙanin matata yake ba ku rabi ne, rabin ma ya zuba masa gishiri.

Kun san mun je Alkahira da hutun yara, Hajiya surukata za ta ga likitan ido sai aka haɗa tafiyar da Madam da yaran gaba ɗaya. Ido alhamdulillah ya yi kyau. An je Giza an ga dala, an hau raƙumi, mai raƙumin ya karɓi kuɗin hawa ya kuma karɓi na sauka, an shiga Khan Khalili Madam ta kwashi abayoyi da turare da wasu fitilu da har yau ban san inda za a rataye su ba. Duk wannan ba shi ne labarin ba. Daren ƙarshe aka ce a fita a ci abincin bankwana.

Ni dai matsayina a fili yake tun farko, na ce mu je gidan kushari. Wanda bai sani ba, shinkafa ce da taliya da makaroni da wani ɗan wake da suke kira adas, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyiyar albasa a kai, a ba ka ruwan tafarnuwa da yaji a gefe ka zuba daidai ƙarfinka. Abinci ne na mutunci, kowa ya ƙoshi, kuɗi kaɗan, ga shi kuma na riga na tsara a raina cewa mata da yara tebur ɗaya, ni da Ustaz tebur ɗaya can nesa, don ku faɗa min ta yaya zan zauna ina kai loma a gaban Hajiya? Tunda na auri 'yarta ba ta taɓa ganin bakina yana motsi da abinci ba.

Sai Ustaz, ƙanin Madam ɗin nan naku da yake karatu a Azhar, wanda ya yini yana mana lacca cewa tun shekarar 970 aka aza harsashin masallacin, ya gyara zama ya ce ai Yaya ba a zuwa Masar a tafi ba a ci abinci a kan Nilu ba. Wai akwai jirgin ruwa, awa biyu ana zagawa da ku, ga bufe ka ci iya cinka, ga wasan gargajiya. Na ce wane irin wasa? Ya ce tannura ce kawai, ai asalinta ma daga sufaye take. Da jin sufaye Hajiya ta ɗan gyaɗa kai. Na tambayi kuɗi, ya faɗa, na lissafa na ga tikitin mutum ɗaya zai ciyar da mu duka kushari har a yi guzuri. Na ce a'a. Madam ta ce to a yi ƙuri'a. Yara suka ɗaga hannu bibbiyu, Auta har da ƙafa. Aka tambayi Hajiya ta ce duk yadda kuka yi daidai ne, nan take Madam ta ƙirga ta a ɓangarensu. Ni kaɗai na zaɓi kushari kuma ni kaɗai na zaro walat.

Na sha farar shaddata sabuwa dal da zanna bukar, muka kama hanya sai gefen Zamalik. Tun daga ƙofar jirgin wani ma'aikaci ya ce Najeriya? Ahsan nas! Okocha! Na ce masa na gode. Aka kai mu tebur, dogo guda ɗaya, kuma a gaba-gaba daf da filin wasa, wai Ustaz ne ya roƙa mana alfarma da Larabcinsa. Kujerata tana kallon ta Hajiya ido da ido.

Aka buɗe bufe. Wallahi jama'a akwai abinci, ba zan yi musu ƙarya ba, ga kofta ga kaza ga shinkafa ga mulukiyya, wadda da na leƙa na ga ai miyar lalo ce tamu aka sa mata tafarnuwa, ga om ali, wani kayan zaƙinsu na madara, a gefe yana ta tururi. Na ɗebo na zo na ajiye faranti a gabana na yi ta juya cokali. Duk sanda zan kai baki sai Hajiya ta ɗago ta ce a miƙo mata ruwa ko ta ce wa Auta ya zauna da kyau. Ban ci loma biyar ba. Ustaz kuwa ya koma layi har ban san adadi ba, ko a jikinsa.

A nan ne mutumin nan ya shigo rayuwata. Teburin bayanmu, wani ɗan uwanmu Bahaushe, gajere mai tumbi, da ganinsa ɗan kasuwa ne ya zo sarin kaya, shi kaɗai a tebur amma faranti huɗu. Ya hango hulata ya taso da cinyar kaza a hannu, Alhaji daga ina, ya hanya, ya iyali, ya ƙasa, ya ce ai shi duk zuwan da zai yi sai ya shigo jirgin nan, ya ce Alhaji yau za ka sha kallo. Ya faɗa yana wani murmushi da a lokacin ban gane ba. Mutumin nan shi ya kwashe kifin bufen kaf, ina gani da idona wata tsohuwar baturiya ta zo da faranti ta tarar da ƙaya. Ya cika aljihu da lemo. Ya kira sabis ya fi a ƙirga yana cewa ya basha, ya basha, wai shi ma ya iya Larabci. Ni fa ba ruwana da cin mutum, cikinsa ne, amma ku riƙe shi a ranku.

Jirgi ya tashi, ga Hasumiyar Alkahira can tana walƙiya, Ustaz ya ce mita 187 ce, ba wanda ya tambaye shi. Wani ya fito ya yi waƙa, lafiya lau. Sai aka rage wuta, kiɗa ya canza, kawai sai ga mata ta fito. Mai rawar ciki. Kayan da ke jikinta ba zan siffanta ba, akwai manya a guruf ɗin nan. Hajiya ta ce innalillahi ta ja mayafi ta rufe fuska ta zaro carbi, idon da muka kashe kuɗi aka gyara. Madam ta rufe wa Auta ido da tafin hannu, babbar ta rufe nata da kanta amma da yatsu a buɗe. Na juya zan kalli Ustaz, kujera wayam, wai ya tafi alwala. Ni kuma a matsayina na magidanci na kawar da kai na zuba wa taga ido, in kalli ruwa in yi tasbihi. To dare ne, waje duhu ciki haske, gilashin ya zama madubi, matar nan tana ciki tsaf har ta fi fitowa. Ina ƙoƙarin in gane ina zan kai idona sai na haɗa ido da Madam a cikin gilashin. Hararar da ta watsa min har yanzu ba mu gama shari'arta ba. Na mai da kai kan miyar lalo na zauna a haka har aka gama.

Da mai tannura ya fito har na ji sanyi a raina, na ce ga na sufayen ya zo. Kuma gaskiya gwani ne. Wani siket ne babba mai launi-launi hawa biyu, ya yi ta juyi a wuri ɗaya ba tsayawa, da ganguna masu faɗi a hannu yana jera su yana sauya su, aka kashe fitila siket ɗin ya kama da ƙananan wuta, ya zare na saman ya ɗaga sama da kai yana wulwulawa, ya naɗe shi ya rungume ya mai da shi jariri, duk yana juyawa. Hajiya ma ta sauke mayafi tana cewa ikon Allah. Ya bi tebur-tebur yana wulwula siket a kan mutane ana hoto. Sai ya tsaya a tsakiya yana neman wanda zai fito ya gwada.

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai na ji murya daga bayana, ya basha! Alhaji! Hada Alhaji! Mai tumbin nan ne, tsaye, yana nuna ni da ƙashin kaza. Ya fara tafi yana Al-ha-ji, Al-ha-ji, turawa da 'yan Indiya da ba su san ma'anarsa ba suka ɗauka, jirgi gaba ɗaya Alhaji, 'ya'yan cikina su ne kan gaba. Na ce la la la, na dafe ƙirji, na nuna gwiwa wai ciwo. Mai tannura ya ce yalla ya Hagg ya kamo hannuna. Na kalli Madam neman ceto, ta ce tashi mana Abban yara, ai kana son kallo.

Aka zura min siket ta ka, a kan shadda. Abin nan nauyi gare shi ba wasa, da ya sauka a ƙuguna sai da na yi tangaɗi. Ya ɗaure, ya nuna min in buɗe hannu, ya tura kafaɗata. Rabona da hajijiya tun firamare. Na juya na farko siket bai tashi ba, ya naɗe min ƙafa, aka yi dariya. Zuciya ta ɗebe ni, na ce tunda an riga an zubar da mutuncin bari a yi mai dalili, na ƙara wuta. Siket ya buɗe! Aka ɗau tafi, mai ganga ya ƙara sauri, wani ya kunna wutar jikin siket ɗin, ina ta juyi kamar katantanwa, duk zagaye sai na ga fuskar Hajiya ta wuce, Hajiya, taga, mai tumbi da waya, Hajiya, taga, mai tumbi. Ashe shiga ce mai sauƙi, ba wanda ya koya min yadda ake tsayawa. Ga jirgi shi ma yana nasa lilon. Hulata ta yi tashin farko, daga baya aka tsamo ta a tiren om ali. Na ce a tsaya da Hausa, na ce da Turanci, na ce khalas, suka ɗauka waƙa nake. Da na taka birki da kaina ƙasa ta ƙi tsayawa, na tafi a karkace taku uku zuwa huɗu hannu a buɗe, na rungumi wani sabis da ya ɗauko tiren karkade, zoɓo kenan, muka zube tare a gindin teburinmu. A gaban Hajiya. Siket ya kife min a ka yana ta ƙyalli, ƙafafuna a waje, takalmi ɗaya.

Shiru na ɗan lokaci, sai jirgi ya ɗauka da tafi har da fito. Ina kwance cikin siket ina jin zoɓo mai sanyi yana bin bayana, na ce ni kam a nan zan kwana. Aka yaye. Hajiya ta leƙo ta ce sannu, Allah ya kiyaye gaba, ta juya ta ce wa 'yarta ki ba shi ruwa. Sai kafaɗarta ta fara rawa a cikin mayafi. Hajiya fa. Matar da ko a bikinmu ban ga haƙorinta ba.

Ustaz ya dawo daga alwalar da ta ɗauke shi kusan awa, da waya a hannu, ya ɗauki komai daga bakin ƙofa. Mai hoton jirgin ma ya zo da hotona an wanke an sa a kwali wai in saya, Madam ta saya, da kuɗina. Sabis ɗin na ba shi bakshish mai kauri don shi kam ba ruwansa.

Mai tumbi kuwa washegari a filin jirgi ina layin awon kaya sai na ji an ce Alhaji mai juyi! Jirginmu ɗaya ashe. Ya taho da kaya niƙi-niƙi, wai tunda mu iyali ne muna da sauran kilo in taimaka in ɗaukar masa jaka biyu. Ko kunya. Na ce babu, Madam ta ce ai akwai na Auta. A cikin jirgi ya bi layi yana nuna wa mutane wayarsa, ina ji ana ƙyalƙyalewa daga baya, wata mata ta zo wucewa banɗaki ta ce min Alhaji ya jiki. Har lambata ya nema wai ya turo min nasa bidiyon don ya fi na Ustaz fitowa, ya kamo lokacin da hular ta tashi. Ban ba shi ba, amma ina zargin Ustaz ya bayar, don akwai wata baƙuwar lamba da take kallon sitatus ɗina.

Shaddar dai tana wurin mai wanki, ya ce jan ya ragu amma bai fita ba, zai ƙara gwadawa ranar Asabar.